Kafin a Kai Bola, a Tsaya a Rarrabe: Shawara ga Gidajen Soron Ɗinki

Duk wanda ya taɓa hawa saman tsohon soro a cikin birni ya ga daɓen nan mai ruwan toka da ruwan sama ke zamewa a kansa, to ya ga laso. Maginan da suna haɗa shi ne da katsi, dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi bayan baba ya gama aikinsa. A kwashe shi, a shanya, a ƙone, a cuɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara. Cikin kayan haɗi uku, biyu shara ne. Makuba ma daga ɓawon ɗorawa take. Jakuna kuma su shigo birni da itace da kara, su fita da mangalar taki zuwa gonakin bayan ganuwa. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin noman karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa takin nan yana cikin dalilan da suka sa ake nome gonakin kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba.

Ke nan maganar da duniya ke yi yau ta ciro makamashi da dukiya daga shara ba baƙuwa ba ce a unguwar Soron Ɗinki ta birnin Kano. Sharar ce ta canza. Ta kakanninmu toka ce da kashin awaki da ɓawo, duk abin da ƙasa za ta iya ci. Tamu ta zo da leda, da mataccen batir, da fasasshen ƙwan fitila, da allura, da kunzugun yara na zamani. Manomin da ya sayi tifar shara yau sai ya sa 'yan ƙwadago sun bi ta suna tsintar leda da kwalba, kuma gubar da ta riga ta narke a ciki ba mai iya tsince ta. Saboda haka shawarar da duk sauran suka rataya a kanta ita ce kada a gwamutsa. Da zarar batir ya fashe a cikin toka, an yi asarar tokar, an yi asarar batirin, an kuma aika wa mai gona da cuta.

Na san gidan cikin birni ba shi da fili. Amma buhu uku da gwangwani ɗaya ba za su gagari bayan ƙyaure ko gefen turke ba. Buhu ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na roba da leda da gorar ruwa, ɗaya na ƙarfe da waya da duk wani mataccen kayan wuta. Gwangwanin mai murfi na ƙananan batura ne da ƙwan fitila, a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Uwargida, wannan aikin a hannunki yake, domin ke ce kike ganin sharar tun kafin ta zama shara. Idan yaron da ke kai wa bola ya karɓe ta a haɗe, magana ta ƙare.

Taki bai buƙaci dogon bayani ga Bakano ba. A share turke, a shanya kashin tumaki da awaki da na kaji, a ɗure a buhu, a ajiye a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa. Rana da ruwan sama suna cinye ƙarfinsa. Tokar murhu a ajiye ta dabam, domin idan aka zuba ta da yawa a kan ɗanyen kashi tana korar sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wanda shi ne warin da ke hawa kai idan an buɗe akurki. Manomi ya haɗa su a gona da kansa. Lokacin sayarwa shi ne bazara, kafin ruwan farko, sa'ad da kowa ke neman abin da zai rage masa kuɗin takin zamani. Ranar layya kuma, kashin tumbin da ake turawa kwata ya toshe lungu taki ne mai kyau, kaskonsa kawai yake nema.

Inda nake ganin kuɗi a kwance shi ne gawayi. Tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur, naira kuma ta faɗi, gidaje da yawa sun jingine tukunyar gas sun koma kurfoti. Kowane kilo na gawayin da ake toyawa a daji yana cin itace kilo biyar zuwa goma. Duk da haka, je ka wurin mai sayar da gawayi ka dubi ƙasan rumfarsa: gari ne baƙi tuli, wanda ba ya zama a kurfoti, ana sayar da shi da arha ko a share. Wannan garin gawayi ne cikakke, siffa kawai ya rasa.

Ga yadda ake mayar masa da ita. A tankaɗe garin a fitar da tsakuwa da yashi, a daka manyan ɓarɓashin. A kan kwano goma na gari, a dama rabin kwano zuwa kwano ɗaya na alabo ko sitaci a tafasasshen ruwa, ya yi kauri kamar talge. A zuba a cuɗa har sai in an dunƙula a hannu ya tsaya bai rushe ba, ruwa kuma bai ɗiga ba. Sai a samu guntun bututun ƙarfe mai faɗin gwangwanin madara ko ƙasa da haka, a cusa haɗin, a danna da taɓarya ko sandar ƙarfe da ƙarfi, a turo shi waje. Duk mai walda zai iya ƙera wannan, har da mai baki huɗu ko shida. Idan aka tsaya da ƙaramin ƙarfe a tsakiya ya bar rami, iska za ta ratsa, wutar ta fi ci. A shanya a kan kwano ko tabarma kwana uku zuwa biyar, ana juyawa. A zafin Maris da Afrilu bushewa ba ta da wuya. Da damina kuwa sai da rumfa da haƙuri, domin dunƙulen da bai bushe ciki ba hayaƙi zai yi ya marmashe. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sake ɗaya daga tsayin ƙugu. In ya tarwatse, ko dannawa ta yi kaɗan ko alabo.

A san halinsa kafin a kai wa mai saye. Ya fi gawayin itace wuyar kamawa, ya fi shi toka, amma ya fi shi daɗewa, ba ya kuma tartsatsi. Shi ya sa masu sayensa na farko su ne mai shayi, da mai gasa masara, da mai guga, da telan da ke zuba garwashi a dutsen guga yana tsoron tartsatsi a kan shaddar mutane. A ba su kyauta su gwada sau ɗaya. Wasu kan sa jar laka maimakon alabo don rage kuɗi. Tana riƙewa, sai dai tokar ta ƙaru. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne narka leda ko zuba baƙin mai don a sa shi saurin kamawa, domin abincin mutane za a ɗora a kai. Kuma dunƙule ko gawayin itace, kada a shiga da kasko ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta lokacin hunturu. Iskar da ke kisa a nan ba ta da wari.

Wanda ke da gona a ƙauye, ko ɗan'uwa a Kura ko Bunkure ko Dawakin Kudu, yana iya ƙara gaba ya toya nasa garin daga totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Duro mai lita 200 ake hudawa a gindi, a ɗora shi a kan duwatsu, a cika, a kunna. Farin hayaƙi mai kauri zai yi ta fita. Idan ya tsinke ya koma shuɗi-shuɗi, a rufe murfi, a janye duwatsun, a toshe ko'ina da ƙasa, a bar shi ya huce da kansa. Wanda ya buɗe da wuri zai tarar da toka. Wannan aikin gona ne, hayaƙinsa ba na lungu ba ne. Ɓuntun shinkafa yana da yawa a bakin injina, domin kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne, amma tokarsa ta yi yawa, sai an surka shi da wani. Ya fi dacewa da murhun nan na garin katako da aka yi yayi a shekarun 1990 lokacin wahalar kananzir, wanda ake kira Abacha: a tsayar da kwalba a tsakiya, a danƙare garin a kewaye, a zare kwalbar, a kunna ta ƙasa. Karan dawa da harawa kuwa a ƙyale su. Abin da dabba za ta ci, ko a yi danga da shi, ya fi ƙarfin a ƙone.

Ana yawan tambaya game da gas ɗin girki da ake samu daga kashi. Gaskiya ne, yana aiki, kuma zafin ƙasarmu ya dace da shi. Ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba a tanki marar shigar iska, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi su fitar da iskar da fiye da rabinta mai kamawa da wuta ce. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gina irinsa, a Indiya da Sin kuwa gidaje miliyoyi ne ke girki da shi. Amma a yi lissafi kafin a sayi tanki. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da kimanin lita 40 na gas. Girkin gida mai mutum biyar ko shida yana cin kusan lita 1,500 a rana. Ke nan ana buƙatar kashi wajen kilo 40 kullum, da ruwa kamarsa, wato shanu uku ko huɗu a turke. Rago biyu da kaji goma ba za su dafa tuwo ba. Ga ruwan takin da ke fitowa kullum, wanda sai an sami inda za a kai shi, ga hunturu da ke rage gas ɗin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wurin wannan abu shi ne abbatuwa, da makarantar kwana, da babbar tsangaya mai fili, da gidan mai kiwon shanu a bayan gari. A Ruwanda gidajen yari sun yi shekaru suna girki da gas daga bandakunansu. Mai kuɗin da ke neman sadaka mai gudana ya duba nan. Ta fuskar tsarki, a Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba ta cin najasa. Abin da ya shafi na ɗan Adam kuma a zauna da malaman unguwa tun kafin a haƙa rami.

Masai da sokawe ba aikin 'yan gida ba ne. Iskar da ke taruwa a ramin ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwance a ƙasa, tana iya sumar da ƙato cikin numfashi kaɗan. Labarin da muke ji a rediyo kusan iri ɗaya ne kullum: waya ta faɗa, ɗaya ya shiga, na biyu ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu. Kada a shiga. Kada a leƙa da ashana ko kyandir, domin akwai iska mai kamawa a ciki. In wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana, a buɗe bakin ramin sosai, kada kowa ya sauka. Kwashewa kuma a bar wa masu motar zuƙa, ko masu yasar masai, 'yan Gidan Kowa da Akwai, a lungun da mota ba ta shiga. A biya su da mutunci, a tambaye su inda za su kai. Wanda zai juye a kududdufi ko a kwata da dare ya dawo maka da amai da gudawa ne ta bayan gida. Manoma suna karɓar wannan kaya, kuma taki ne na gaske, amma ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a cikinsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ce a ƙasa mai zafi a ajiye shi fiye da shekara kafin a yi amfani da shi. A kai shi gonar dawa da gero ko gindin bishiya, ban da latas da tumatir da duk abin da ake ci ɗanye.

Dagwalon kwata yana da nasa kuskuren da muke maimaitawa kowace Asabar ɗin tsaftar muhalli. Samari su yi gayya su yashe lambatu, su tara a gefen lungu, ya bushe, yara da awaki su baje shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. A fara shirya mai kura ko a yi magana da hukumar kwashe shara ta REMASAB kafin a sa shebur. A bar tulin ya tsane kwana biyu, a kwashe. Mafi yawansa yashi ne, yana cike rami. Amma duk kwatar da ruwan rinin zamani ko na jima ko na wurin gyaran batir ke bi, dagwalonta kada ya je gona. Abin da ruwan masana'antun fata na Bompai da Sharaɗa da Challawa ya yi wa kogunan Kano ya isa darasi.

Sai buhu na uku, wanda ya fi kowane kuɗi, ya kuma fi kowane haɗari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da matattun kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka san an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida. Namu kason yana ƙarƙashin gado da saman sif: tsohuwar waya, caja, fitilar caji, fanka, rediyo, da batirin sola, wanda yanzu ya shiga gidaje da yawa saboda rashin wuta.

Kada a yi gaggawar kai wa sikeli. Wayar da ta mutu, sau da yawa abu ɗaya ne ya mutu a jikinta. Mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut zai sayi gilashinta ko fanel ɗinta da kuɗin da ɗan gwangwan ba zai taɓa ba ka ba. A cire layi da memori, a goge abin da ke ciki in tana kunnuwa, domin hotunan iyali da lambobin banki ba kayan sayarwa ba ne. Fanka da injin markaɗe ana sake naɗa musu waya. Sai abin da mai gyara ya ƙi ne zai tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma ko shi a rarrabe: jan ƙarfe dabam, alminiyam dabam, baƙin ƙarfe dabam. Wanda ya kai a haɗe, kuɗin mafi arha za a ba shi. Wayar wuta a feɗe ta da wuƙa, kada a ƙone. Jan ƙarfe mai sheƙi ya fi ƙonanne daraja a sikeli, hayaƙin robar kuma guba ce da ke sauka a kan abinci da shanya da huhun duk maƙwabta. Agbogbloshie ta birnin Accra, inda samari da yawa daga arewacin Ghana suka yi shekaru suna wannan ƙone-ƙone kafin a rushe wurin a 2021, ta yi suna a duniya ne saboda wannan hayaƙin.

Game da zinaren da ake cewa yana cikin waya, akwai shi, amma a ji adadinsa. Don ƙera lambobin yabo na wasannin Olamfik na Tokyo, Japan ta tara kayan lantarki kusan tan dubu 79, ciki har da wayoyi sama da miliyan 6, ta fitar da zinare kilo 32. Saurayin da ya kalli bidiyo ya sayo asid zai jiƙa fanel goma a bayan ɗaki, huhunsa da idonsa zai saka a caca a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ya tara fanel ɗin ya sayar wa dillali.

Batirin sola da na mota su ne suka fi tayar mini da hankali. Fiye da rabin nauyinsu dalma ce, shi ya sa suke da kuɗi, shi ya sa kuma ake sha'awar fasa su. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda ana fasa batura, mata kuma suna tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidaje don tsintar dalma. A Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinare masu dalma a tsakar gida. A duka biyun ba wanda ya ci guba da gangan, ƙura ce. Ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baki. Wanda bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada, kuma likitoci sun ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba komai. Tsakar gidan cikin birni, inda ake girki da wanki da reno a wuri ɗaya, ita ce mafi munin inda za a buɗe batir. A sayar da shi a rufe yadda yake, da ruwansa a ciki, ko a ba dillalin ya rage kuɗin sabo. Wasu masu saye kan ce a zubar da ruwan don sikeli. Kada a yarda: asid ne mai ɗauke da dalma, kwata kuma rijiyar wani take wucewa. Maigidan da sana'arsa ke nan ya bar kayan aiki da takalmi a shago, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kada kuma a haɗa wankinsa da na iyali.

Batirin waya da na fawa bank wuta ce matsalarsu. Wanda ya kumbura kada a huda shi, kada a ci gaba da cajinsa, a binne shi cikin yashi a gwangwani nesa da murhu. Dogon ƙwan fitila da mai lanƙwasa suna da zaiba a ciki, a naɗe su a takarda kada su fashe. Doka ta ɗora wa masu shigo da kayan lantarki nauyin karɓar matattunsu a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma har yau kamfanonin da ke sarrafa su yadda ya kamata sun fi yawa a Legas. Kafin hakan ya iso lungunmu, gwangwanin nan mai murfi ya fi bola.

Gida ɗaya ba ya tara abin da dillali zai taso dominsa, lungu guda kuwa yana tarawa. Ƙungiyar aikin gayya ta unguwa ta samu izinin mai unguwa, ta ware shago ɗaya ko kusurwar fili, da sikeli, da littafi, da baligi ɗaya amintacce, ba yara ba. A sa rana ɗaya a wata da kowane gida zai kawo ƙarfe da roba da batir, a auna a gaban mai shi, a rubuta. Dillali ya zo ya saya gaba ɗaya a farashin sari. Littafin yana da wani amfanin: murfin kwata, ko wayar fal, ko famfon masallaci, duk wanda ya kawo sai ya faɗi inda ya samo, a rubuta da sunansa. Daga ribar watan farko a fara sayen safar hannu da takalman roba na masu yasar kwata, sannan a ba mai walda kuɗin bututun gawayi.